Kwanar da ta karya ni a hanyar Pusiga

Mu a nan Pusiga babur, ko moto kamar yadda muke cewa a Gana, shi ne ƙafar ɗan kasuwa. Da shi muke shiga kasuwar Bawku mai ci duk bayan kwana uku, da shi muke bi ta Pulmakom zuwa Sinkase a Togo, inda na sayo nawa, Haojue sabon dal.

Makon farko tafiya nake kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Da na kai wata uku sai tsoro ya gudu. Na fara tuƙi da hannu ɗaya, hular kwano na rataye a madubi. Wana da ke Yendi ya ziyarce mu, ya ga tuƙina, ya ce, “Ƙanena, kanka ya riga hannunka ƙwarewa.” Dariya kawai na yi.

Wata safiyar rani na ɗauro buhun albasa zuwa Bawku. Akwai wata kwana da na bi fiye da sau ɗari. Na shige ta ban rage wuta ba, sai ga yashi kwance a gefen titi. Na firgita, na damƙe birkin gaba alhali babur yana karkace. Tayar gaba ta zame, buhu ya ja mu ƙasa. Hannun dama ya karye, kai kuwa Allah ne ya kiyaye.

Wata biyu ina zaune a gida. Kayan da na yi alkawarin aikawa Salaga wani ya kai, kuɗin makarantar yara sai da na ranto.

A wannan zaman ne wani tsohon bakanike ya warware mini abin. Ya ce riƙon taya da ƙasa yana da iyaka, birki da karkata kuma daga wannan riƙon suke ci. In ka haɗa su a kan yashi, ya ƙare. Sannan in ka ninka gudu daga kilomita 30 zuwa 60 a awa, riƙon da kwana ke nema sau huɗu yake ninkuwa.

To yanzu ga yadda nake yi. Ina taka birki, in sauko da giya tun babur yana miƙe. Idona yana kan mafitar kwana, domin inda ka kalla can babur yake zuwa. Ina tsayawa a hannuna na dama ko da titi ba kowa. Sai na miƙe nake ƙara wuta.

Iyaye, dokar Gana ta wajabta hular kwano ga direba da wanda ya goya, kuma lasisi sai an cika shekara 18. Amma ku fi sa ido ranar da yaro ya ce ya iya. Ɗana ya fara koyo bana, kuma wannan kwanar na fara kai shi, da ƙafa, na nuna masa yashin.