Kulawa da Yaran da Suka Ga Tashin Hankali

A cikin watan Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Cikin Fabrairu 2021 kuma aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. An sako su bayan 'yan kwanaki, jama'a suka yi murna, kowa ya watse. Amma dawowar yaro gida ba ita ce warkewarsa ba, saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san abin da ke biyo baya.

Yaron da ya sha matsanancin tsoro, jikinsa ya kan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce. Ya kan firgita cikin barci, ya zabura in ya ji ƙarar babur, wani ma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Wani ya yi gum, wani kuwa ya zama mafaɗaci. Tun da ya ke hankalinsa yana bakin ƙofa, ba ya kan allo, abin da aka koya masa da hantsi ba ya kaiwa azahar. Nan ne malami ke kuskure, ya ɗauka lalaci ne, ya ɗauko bulala, ga shi kuwa duka ba ya ƙara wa irin wannan yaro kome sai firgita.

Abin da ya fi yi masa magani shi ne zama mai tsari: lokacin abinci, da na karatu, da na wasa da tsara, kullum ba sakewa, tare da babba guda wanda ya amince da shi. A rage masa yawan karatu tukuna, sa'an nan a riƙa ƙarawa sannu sannu. Kada a tsai da shi gaban taro ko gaban baƙi a ce ya ba da labarin daji. In ya so faɗi da kansa, a saurara. Lalle ne dagatai da masu unguwa su hana yi masa laƙabi, balle 'yan mata, waɗanda surutun gari kan hana su komawa makaranta.

Malamin hakimi shi zai rubuta sunayen irin waɗannan yara da na masu riƙonsu, amma littafin asiri ne, ba a karanta shi a zaure.

Idan alamun nan suka wuce wata guda ba sauƙi, a kai yaron asibiti. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, a kai shi ran nan, kada a bar shi shi kaɗai. Addu'a ba ta hana ganin likita. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato.