Ku Koya wa Matatar Imel Ɗinku Aikinta

Jama'ar Damagaram, musamman ɗaliban Jami'ar André Salifou masu neman tallafin karatu da ƴan kasuwar Dole masu odar kaya daga waje: in kun daɗe kuna jiran amsa ta imel shiru, ku leƙa akwatin da aka rubuta wa Spam. Sau da yawa amsar tana can kwance, tsakanin tallan magani da saƙon wani da ya ce kun ci miliyoyin sefa a gasar da ba ku shiga ba. Gmail kuwa kwana 30 yake bari, sai ya share abin da ke ciki.

Wata matata ce ke wannan rabon, kuma koyo take yi. Kamar dogarin ƙofar fadar Sarki ne a Birni, wanda aka nuna masa shi zai tare. Tun 2002 wani masanin kwamfuta mai suna Paul Graham ya yaɗa dabarar: a ƙirga kalmomin da suka fi yawa a saƙonnin damfara da na saƙonnin kirki, sai a auna kowane sabon saƙo da su. Matatun yau sun wuce nan, suna duba adireshin mai aikowa da mahaɗan da ya liƙa, amma har gobe hukuncin masu karatu na cikin abin da suke koyo da shi.

A nan muke sakaci. Saƙon ɗan damfara ya shigo, mu goge kawai. Gogewa ba ta gaya wa matata cewa ta yi kuskure. Ku danna "Signaler comme spam". In kuma saƙon kirki ne ya faɗa Spam, ku fito da shi da "Non-spam", ku ajiye adireshin cikin lambobinku. Jaridar da kuka yi rajista da kanku kuka gaji da ita, ku cire sunanku. Jefa ta Spam rikita lissafi ne.

Kada dai ku ba mayaudari amsa, ko da zagi ne, don kun shaida masa adireshin na aiki. Lambar sirrin Airtel Money ko ta banki kuwa, duk wanda ya nema ta imel ɓarawo ne, ko da matata ta bar shi ya wuce. Ku riƙa duba akwatin Spam kowane mako.