Ko Ka Sani? Ƙwaƙwalwar Wayar Salula Ce Ta Yi Wa Jirgi Jagora a Duniyar Mars

Duk na'urar da ke da 'yar kwamfuta a cikinta, daga injin cirar kuɗi har zuwa tauraron ɗan'adam, sai injiniyoyi sun zauna sun zaɓa mata babbar manhajar da za ta riƙa gudanar da ita. Hukumar NASA ta Amurka ta daɗe da tsayar da nata zaɓin. Motocin da ta aika duniyar Mars, su Spirit da Opportunity da Curiosity da Perseverance, duk VxWorks aka ɗora musu, manhajar kamfanin Wind River da aka sani da yin kowane aiki a kan lokacinsa, ba jinkiri.

Ba wai ba ta taɓa ba su ciwon kai ba. A 1997 kwamfutar Pathfinder, wata na'urar NASA da ta sauka a Mars, ta dinga kashe kanta tana sake tashi, saboda wani ƙaramin aikin auna yanayi ya tare wa babban aiki hanya. Daga nan doron ƙasa aka aika mata gyara.

Sai ga Ingenuity, ɗan jirgi mai saukar ungulu da Perseverance ta goyo zuwa Mars, nauyinsa kilo 1.8 kacal. Iskar Mars ba ta da kauri, kusan kashi 1 cikin 100 ne na tamu, don haka farfelarsa sai ta juya wajen sau 2,400 a minti kafin ya ɗaga. Babu kuma mai tuƙa shi daga nesa, domin saƙo kan ɗauki mintoci kafin ya isa. Dole jirgin ya ɗauki hoton ƙasa sau 30 a sakan guda, ya gane inda yake da kansa. RAD750, ƙwaƙwalwar da Perseverance ke ɗauke da ita, tana jure tururin sararin samaniya, amma saurinta megahaz 200 ne, ga nauyi. Ba za ta iya ba.

Me injiniyoyin NASA suka yi? Suka ɗauko Snapdragon 801 na kamfanin Qualcomm, wanda aka sa a wayoyi irin su Galaxy S5 ta 2014, wayar da yau mai gyara a Farm Centre ta Kano zai ce maka ta kwana biyu! Saurinta ya ninka na motar da ta goyo jirgin fiye da sau goma. A kanta suka ɗora Linux, manhajar kyauta da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. NASA ta amince ne saboda jirgin na gwaji ne, ko ya faɗi aikin motar bai tsaya ba. Duk da haka injiniyoyin ba su saki jiki ba: sarrafa farfela, aikin da ba ya son ko ƙiftawar ido ta jinkiri, sun damƙa shi ga wasu ƙananan ƙwaƙwale biyu. Dabarar kenan da ta fi burgewa.

Ranar 19 ga Afrilu, 2021 jirgin ya tashi, ya yi sama mita 3 a tashin da ya ɗauki sakan 39, ɗauke da ɗan ƙyalle daga jirgin 'yan'uwan nan Wright na 1903. Tashi biyar aka tsara masa. Ya yi 72, ya ci kimanin kilomita 17, kafin farfelarsa ta lalace ranar 18 ga Janairu, 2024.