Likitan da Ya Ceto Tarihin Yarabawa

Littafin The History of the Yorubas, wanda har yau masana ke komawa gare shi idan ana batun daular Oyo da shigowar Turawa ƙasar Yarabawa, sunan Samuel Johnson ne a bangonsa, amma ba domin ƙanensa Dokta Obadiah Johnson ba, da littafin bai ga hasken rana ba. An haifi Obadiah a Saliyo a shekarar 1849, cikin al'ummar da ake kira Saro, wato zuriyar bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku aka zaunar da su a Firitawun. Ya karanci aikin likita a Landan da Edinbara, sannan ya zauna a Legas yana duba marasa lafiya.

Samuel, wanda limamin coci ne a Oyo, ya kammala rubutun a 1897, bayan shekaru yana sauraron arokin, maroƙan fadar Alafin, sarkin Oyo, masu riƙe da tarihin sarakuna a ka, da dattawan da suka ga yaƙe-yaƙen ƙarnin da idonsu. Da aka aika rubutun Landan sai ya ɓace a hannun masu ɗab'i, kuma Samuel ya rasu a 1901 ba tare da an gano shi ba.

Nan ne likitan ya ɗauki nauyin da ba fanninsa ba, ya tattara takardu da guntayen bayanan da yayan nasa ya bari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya sake gina littafin. Ko da ya gama, wahala ba ta ƙare ba, domin jirgin ruwan Appam da ya ɗauki rubutun a 1916 ya faɗa hannun Jamusawa, suka kai shi Amurka, kuma sai a 1921 aka buga littafin, shekara guda bayan rasuwar Obadiah.

Gaskiya ne littafin ya karkata ga Oyo, yana auna sauran garuruwan Yarabawa da mudunta. Duk da haka mai karatu Bahaushe zai sami abin da ya shafe shi kai tsaye a cikinsa, musamman labarin yadda Afonja na Ilori ya yi wa Alafin tawaye, ya jawo Malam Alimi da bayi Hausawa da suka gudu daga iyayengijinsu, har garin ya koma masarauta ƙarƙashin tutar Gwandu.