Ƙaura da Dabbobin Gida zuwa Gari Mai Nisa: Misali daga Ƙofar Durbi, Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda iyali za su ƙaura da kyanwa, kare da tattabaru daga birnin Katsina zuwa gari mai nisa ba tare da asarar rai ba. Ta nuna cewa haɗarin ya ta'allaƙa ne ga zafin hanya da kuma shaƙuwar dabba da tsohon gida, don haka ƙaurar dabba tana farawa makonni kafin ranar tafiya, tana ƙarewa makonni bayan isa.

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Durbi ɗaya ce daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar Katsina, kamar Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa, kuma unguwar da ke kewaye da ita ta ɗauki sunanta. A gidajen irin wannan unguwa ba a rasa kyanwa mai gadin rumbun hatsi, ko ɗakin tattabaru da samari ke kula da shi, wani lokaci har da karen gadi. Idan canjin wurin aiki ko fatauci ya tayar da iyali zuwa Kaduna, Abuja ko Legas, akan yi lissafin gado da katifa da tukwane, sai an gama lodi a tuna da dabba. A nan ne ake cusa kyanwa cikin buhu, a danne tattabaru cikin kwali, a ɗora su a saman kaya. Wasu kuma sukan kulle gida su bar kyanwar a ciki. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu ya isa gargaɗi a kan haka. Wanda ba zai iya tafiya da dabbarsa ba, wajibinsa ne ya damƙa ta ga maƙwabcin da ya yarda zai riƙe ta.

2.0 Shiri Kafin Ranar Tafiya

Matakin farko shi ne ganin likitan dabbobi aƙalla wata guda kafin tafiya. Allurar rigakafi ba ta aiki a ranar da aka yi ta, jiki yana bukatar makonni kafin ya gina kariya. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ba ta karɓar kare ko kyanwa sai an cika aƙalla kwana 21 da yin allurar farko ta rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. Kai karen da ba a yi wa allura ba cikin sabuwar unguwa, a lokacin da yake a firgice kuma mai saurin cizo, ganganci ne da rayukan yaran maƙwabta. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura a cikin gida Nijeriya.

A wannan ziyara ce kuma za a ba dabbar maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma, a karɓi takardar shaidar lafiyarta. Takardar tana da amfani ko a cikin ƙasa, ballantana ga mai ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi. Hukumar da ke sa ido kan shige da ficen dabbobi a iyakokin Nijeriya ita ce NAQS, kuma neman izininta tun da wuri ya fi tsayuwa a rana a bakin iyaka da dabba cikin keji.

Mataki na biyu shi ne saba wa dabba da kejin. A ajiye shi a buɗe a tsakar gida na mako ɗaya ko biyu, a riƙa sa abinci a ciki. Ƙa'idar da Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta shimfiɗa ta dace da mota ma: kejin ya zama wanda dabba za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta, kuma iska na shiga ta ɓangarori da dama. Buhu da rufaffen kwali ba su cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba.

3.0 A Kan Hanya

Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, zuwa Abuja ya haura 500, zuwa Legas kuwa ya haura 1,000. Abin da ke kashe dabba a wannan tafiya shi ne zafi. A bazara, musamman Afrilu da Mayu, zafin Katsina kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan Adam yana sanyaya jikinsa da gumi, amma kare haki ya dogara da shi, kyanwa ba ta gumi sai kaɗan a tafin ƙafa, tsuntsu kuwa ba ya gumi sam. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41 kayan cikinsa suna fara lalacewa. Motar da aka tsayar a rana aka rufe gilasai tana iya kai shi wannan hali cikin mintoci.

Saboda haka a tashi bayan sallar asuba, a sa kejin a kujerar baya a ɗaure shi, kada a sa shi a but inda hayaƙi da zafi ke taruwa, ko a bayan a-kori-kura a tsakiyar rana. A ba dabbar abinci kaɗan kamar awa huɗu kafin tashi don gudun amai, amma kada a hana ta ruwa. Duk bayan awa biyu ko uku a tsaya a inuwa a shayar da ita. Kare a fito da shi da igiya a wuya. Kyanwa kuwa kada a buɗe mata keji a tasha ko bakin titi, domin idan ta kuɓuce a Funtuwa ko Zariya da wuya a sake ganinta. Tattabaru a sa su kaɗan-kaɗan a kwando mai shimfiɗar ciyawa, a lulluɓe saman da ƙyalle mara nauyi, domin duhu yana kwantar musu da hankali.

Alamomin bugun zafi su ne haki mai tsanani, dalalar da miyau da tangaɗi. Idan aka gan su, a kai dabbar inuwa, a jiƙa jikinta da ruwa mai ɗan sanyi, a yi mata fifita, a nemi likita mafi kusa. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ga wanda ya bi ta can.

Wajibi ne a guji ba dabba maganin mutane. Farasitamol guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin barci kuma yana saukar da bugun jini, yana raunana ikon jiki na daidaita zafinsa, don haka ba a ba da shi sai da umarnin likita.

4.0 Bayan An Sauka

Isowa lafiya rabin aiki ne. Kyanwa tana shaƙuwa ƙwarai da wurin da ta saba, kuma da ƙamshi take gane yankinta. A tsare ta a ɗaki ɗaya tare da tsummanta da kwanonta na tsohon gida, kada a bar ta fita waje sai bayan aƙalla mako biyu. Kare ya fi saurin sabawa, tunda iyalin ne gidansa, sai dai a riƙa zagayawa da shi da igiya har ya san maƙwabta.

Tattabara ta fi kowa wuyar sha'ani. Irin da ake tsere da su a Turai suna komawa gida daga nisan ɗaruruwan kilomitoci. Tattabarun gida ba su kai su ƙwarewa ba, amma ɗabi'ar tana nan: babbar da aka saka da wuri za ta tashi neman tsohon ɗakinta, ta ɓace ko shaho ya ɗauke ta. Hikimar masu kiwo a nan daidai take: a tsare miji da mata a sabon ɗaki har su yi ƙwai su ƙyanƙyashe, sannan a fara sakinsu da yamma kafin a ba su hatsi, yunwa da 'ya'ya su dawo da su. 'Yan shila da ba su taɓa tashi ba kuwa, inda suka fara tashi nan ne gidansu.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mai shirin barin Ƙofar Durbi da dabbarsa yana bukatar wata guda na shiri, safiya mai sanyi ta tafiya, da makonni biyu ko fiye na tsarewa a sabon gida. Kuɗin allura da keji ba su kai na hayar motar kaya ba. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan ba, ya nema wa dabbar mariƙi a unguwa tun kafin ya ɗaure kayansa.