Shiga jirgin sama bayan an sauya gaɓar kwatangwalo

Ɗan'uwa mai karatu, ɗora hannunka a gefen ƙugunka, inda cinya ta haɗu da gangar jiki. Nan ne kwatangwalo. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo. In wurin ya lalace, tafiya takan gagara, wani lokaci har barci. Tsufa na kawo wannan, karaya na kawo shi. A nan ƙasarmu kuma akwai amosanin jini, wanda ake ce ma sikila, yana cinye kan ƙashin tun mutum na matashi.

Likitocin fiɗa sun iya cire gaɓar da ta lalace, su sa wata ta ƙarfe da roba mai tauri. Wani likitan Ingila mai suna John Charnley shi ya daidaita irin wannan aiki a shekarar 1962. Yau ana yin shi a ƙasashe da yawa. Cikin mutanenmu akwai masu zuwa Tunisiya, Maroko, Masar ko Indiya don a yi musu. Aiki ya yi kyau, ciwo ya sauka, amma kuɗin masauki na cin aljihu, ga kewar gida. Sai mutum ya ƙagara ya dawo. Wani kuma a gida aka yi mishi, sai ga kujerar Makka ta fito. Duka biyun tambayarsu guda ce: yaushe zan iya shiga jirgi?

Ƙarfen da ke jikinka ba ya tsoron sama. Ba ya kumbura, ba ya motsi don jirgi ya tashi. Babban abin tsoro shi ne jini.

Ka san kunu: muddin ana dama shi yana nan ruwa-ruwa, in aka aje shi sai ya kama jikinsa. Jini ma haka. Daga ƙafa yana hawa zuwa zuciya, kuma naman sharaɓa ne ke tura shi duk lokacin da ka taka. In ka zauna wuri guda, gwiwa a lanƙwashe, jinin sai ya yi nawa cikin jijiya, har ya iya dunƙulewa ya zama guda. To, wanda aka yi ma fiɗa, jininsa ya riga ya fi saurin daskarewa, saboda jiki na ƙoƙarin rufe rauni. Wannan hali yakan kai sati 12 kafin ya lafa, amma satuttukan farko sun fi haɗari.

Gudan jinin nan in ya tsaya a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi zafi. In ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya je ya toshe hanyar huhu. Wannan yana kashe mutum, wani lokaci nan take. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin sau 2. Ga mai lafiya abin bai taka kara ya karya ba, kamar mutum 1 ne cikin 6000. Ga wanda ya fito daga fiɗa, lissafin ba ɗaya ba ne. Daga Yamai zuwa Jidda kuwa, jirgi na cin awa 5 ko fiye.

Akwai kuma maganar iska. Cikin jirgi iskar ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. Kamar kana bisa tudu ne mai tsawon mita 1800 zuwa 2400, wato kusan ƙolin dutsen Bagzan na ƙasar Ayar. Wanda ya zubar da jini wajen fiɗa yakan ji jiri ko haki. Mai sikila ya fi kowa lura da wannan, don ƙarancin iska na iya tayar mishi da ciwo. A auna jininka kafin tafiya.

To, kwana nawa za a jira? Bakin likitoci bai zo ɗaya ba. Da yawa a Ingila suna cewa sati 6 ga gajeriyar tafiya, wata 3 ga doguwa. Wasu likitocin suna barin mutum ya koma gida da wuri, in yana kan maganin hana daskarewar jini kuma yana takawa. Wanda ya fiɗe ka shi ya san jikinka. Ni dai shawarata, ka tambaye shi ranar komawa tun kafin ka yanki tikiti, ka sa kuɗin zaman jira cikin lissafin tafiya. Ba a gane tsadar gaggawa sai an sake kwanciya asibiti.

Maganin nan da na ambata, ana ba da shi kamar kwana 28 zuwa 35 bayan aiki. Wani allura ce a fatar ciki, wani ƙwaya ce. Kada ka bar shi don ka ji sauƙi. Ranar tafiya ka sa shi cikin jakar hannu, don babbar jaka takan ɓace ko ta yi latti. In allura ce, ka riƙe takardar likita, saboda masu bincike za su tambaya. Ƙarfen jikinka ma zai iya sa na'urar bincike ta yi ƙara. Ba laifi ba ne. Ka gaya musu tun kafin ka wuce.

Ka sanar da kamfanin jirgi aƙalla kwana 2 kafin tafiya cewa kana son keken da ake tura marar lafiya. Kada kunya ta hana ka, filin jirgi yana da faɗi, layi kuma dogo ne. Wasu kamfanoni suna da takardar da likita zai cika musu. Ka nemi kujerar bakin hanya, inda za ka iya miƙe ƙafa ka tashi ba tare da ka tsallake kowa ba.

In kun tashi, kada ka zauna kamar an dasa ka. Ka riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama kana sauke su, kana juya idon sawu. Duk bayan awa 1 ko 2 ka miƙe ka ɗan taka, in ma'aikatan jirgi sun ba da dama. Sha ruwa sosai. Na san tsofaffinmu suna ƙin shan ruwa don gudun zuwa makewayi, amma a nan ƙishirwa ta fi illa. Kada ka sha maganin barci. In likita ya rubuta maka doguwar safa mai matse ƙafa, ka sa ta tun da safe.

Sabuwar gaɓa kuma tana iya gocewa daga gurbinta a satuttukan farko. Shi ya sa likitoci da yawa ke hana harɗe ƙafafu, da zaman da gwiwa za ta fi ƙugu tsawo. Kujerar jirgi gajera ce, sai ka ɗora matashi ka zauna bisa. Kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi, roƙi na kusa da kai. A gida ma tsuguno da zaman tabarma sai likita ya yarda, salla kuwa ana yin ta bisa kujera.

Ga abin da mutane ke mantawa. An sauka Yamai lafiya, kowa ya yi hamdala, washegari sai a shiga mota. Tawa ta wuce kilomita 500, Maraɗi ta wuce 600, Damagaram kusan 900. Jini bai san bambancin jirgi da mota ba, zama zama ne. Ka huta a Yamai tukuna. A hanya, duk inda aka tsaya ka sauka ka taka.

Bayan isa gida a ci gaba da lura har satuttuka. In ƙafa guda ta kumbura, ko sharaɓa ta yi ciwo da zafi, kada a murza ta, kada a kai wa mai ɗori, kada a yi ƙaho. Murza na iya ɓalle gudan jinin. In numfashi ya yanke, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tari da jini, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Da isa a gaya ma likita ranar da aka yi fiɗar, da awa nawa aka yi a zaune, a nuna mishi kwalin maganin da ake sha.