Yarinyar da Ke Ƙin Abinci Alhali Rumbu Cike Yake

'Yan'uwa manoma, mun san ramar da yunwa kan kawo da damina kafin sabon hatsi ya nuna. Amma akwai wata rama dabam. Ga tuwo a gaban yarinya, ta ƙi ci, tana tsoron ƙiba ko da haƙarƙarinta sun fito. Wani likita a Ingila, William Gull, ya sa wa cutar suna anoreksiya a 1873. Akwai kuma bulimiya, watau mutum ya ci ya wuce kima, sa'an nan ya ɓuya ya amayar. Sun fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba.

To, daga ina take fitowa? Mu da muke shuka mun sani amfani yana bin iri, yana kuma bin ƙasa. Masana sun duba tagwaye, suka ga idan ɗaya ta kamu, 'yar'uwarta ta fi saurin kamuwa in daga ƙwai ɗaya suka fito. Da haka aka gane wajen rabin haɗarin gado ne. A 2019 aka bincika jinin masu anoreksiya kusan 17,000, aka sami wurare 8 cikin ƙwayoyin gado, waɗansunsu sun shafi yadda jiki ke sarrafa abinci, ba tunani kaɗai ba. Hali ma yana ciki. Yarinya mai yawan fargaba, wadda ba ta yafe wa kanta kuskure ko ƙanƙani, ita ta fi shiga haɗari. Sau da yawa kuwa ita ce muke yabo a gida.

Ga misalin ƙasa. A wani yanki na tsibirin Fiji, inda ake son mace mai jiki, talabijin ya shiga a 1995. Zuwa 1998, kashi 11 cikin 100 na 'yan makarantar da aka tambaya suna jawo amai don su rame.

Dā akan ɗora wa iyaye laifi, musamman uwa. An bar wannan ra'ayi, gama ba a ga shaidarsa ba. Gori da tsokana kan jikin yaro suna ƙara wuta, amma tun shekarun 1980 likitocin asibitin Maudsley a Landan suka nuna 'yan mata sun fi warkewa in iyaye suka zauna da su a kan kowane abinci, ba faɗa, ba duka.

In kun ga rama haɗe da jiri, ko jinin wata ya ɗauke, ku kai ta asibiti da wuri, gama cutar tana iya tsayar da zuciya.